Tutocin Habu a Shekarar Fari

Tun da na dawo daga ƙasar Gwaram ban samu na miƙe ƙafa ba. Wannan ta shigo da sannu da hanya, ba ta kai ga fita ba waccan ta yi sallama, tambayar kuma ɗaya ce: "Kulu, yaya kika baro Habu? Da gaske ne garin nasu ado ake yi masa da tutoci kamar amarya?" Na ba da labarin nan a bakin murhu, na ba da shi a bakin rijiya, kuma duk sanda na ba da shi sai ya tayar mini da abin da nake so ya kwanta. To yau ga ku a haɗe. Ku zauna ku ji shi daga tushe, wadda ta ji ta kai wa wadda ba ta zo ba.

Saboda 'yan baya da ba su san shi ba, Habu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yana rarrafe Innarmu ta rasu a Kangire, ni na goya shi, da aka kawo ni aure nan Birnin Kudu ma da shi na tare. A karofin garin nan ya koyi rini. Tun kafin Turawa su miƙa mulki ya ji labarin wani ƙauye, Kafin Marke, can bayan Gwaram a bakin iyakar Bauchi, inda baba, ganyen rini, ke fitowa da kyau amma ba marini. Ya tafi, ya haƙa karofinsa, ya auri 'yar garin mai suna Dije, ya zauna. Da rani yakan leƙo mu. In ya zo ba ya faɗin komai a kan kansa, labarin tutoci ma a bakin 'yan kasuwa muke ji.

Rannan ina suyar ƙuli, wani mai jakuna mutumin Wurno, Malam Tanko, wanda ke kai kanwa ƙauyukan can, ya yi sallama a zaure. Na ɗauka ciniki ne. Sai ya ce, "Ke ce yayar Habu Marini?"

Na ce ni ce.

"Ki je ki gan shi."

"Ciwo yake yi?"

"Ban ce ba. Ki dai je, Inna."

Ko ƙulin bai saya ba. Ban jira wata shawara ba, na sheƙe geron da ya rage mini a rumbu, na zuba rabin buhu, na ƙulla daddawa da ƙuli, na nufi tasha.

Babbar mota ce mai bodin katako, an yi mata lodin gishiri da kananzir, mu kuma aka ɗora mu bisa kaya. Direban har yanzu bai huce da komawar da aka yi tuƙi a hannun dama ba. Duk motar da ta taho sai ya leƙo kai ya zage ta, ko da shi ne ya ci mata hanya. Kusa da ni akwai wani saurayi da ya dawo daga leburanci a Kano, da wando mai faɗin ƙafa da rediyo a kafaɗa. Rediyon ba ya zancen komai sai man fetur da manyan gadoji da ake ginawa a kudu. Saurayin ya ce nan gaba kaɗan ba wanda zai sake riƙe fartanya a ƙasar nan. Wani tsoho da ke riƙe da akuya ya dube shi ya ce, "Yaro, shi man fetur ɗin ana tuƙa tuwo da shi?" Aka yi dariya. Ina cikin dariyar ashe akuyar tsohon ta huda ƙullina tana cin ƙuli. Ya ba ni haƙuri, na haƙura, ita ma yunwar ce.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ku tuna a lissafi tsakiyar damina muke, lokacin da gero ya kamata ya ɓoye mutum a tsaye. Amma dama da hagu yabanya ce iya ƙauri, ta murɗe ta yi kalar toka. Muka riƙa wuce mutane a ƙafa da tabarmi da tukwane a ka, sun nufi inda muka baro. Cin rani da damina, ban taɓa gani ba sai bana. A wani kwari taya ta yi faci, muka sauka muka zauna gindin tsamiya. Can gefe wani Bafulatani na tsugune gaban saniyarsa da ta kasa tashi, yana yi mata magana a hankali. Har aka gama facin bai ɗago ya dube mu ba.

A gindin tsamiyar nan na saba da Inna Sabuwa, mai fura ce a Gwaram, ta dawo daga asibitinmu an duba mata ido. Da ta ji ba ni da masauki ta ce ba zancen in kwana a tasha tana raye. Muka isa da la'asar sakaliya, ta ja ni gidanta.

Mutanen Gwaram akwai karɓar baƙo, wannan kam ba zan rage musu ba. Gaisuwarsu doguwa ce, rabi Hausa rabi Fulatanci, sai an tambayi lafiyar shanunka ko da ba ka da ko kaza. Amma abinci ya gudu. Mai fura guda, ga ƙwarya a kife, ba gero ba nono. Kwaɗon tafasa aka kawo mana da ɗan tuwon garin rogo mai yauƙi, wanda mu nan ko a mafarki ba ma kiransa tuwo. Na kwance daddawata na ba ta, ta karɓa da hannu biyu kamar na ba ta zinariya.

Muna ci ta tambaye ni wajen wa za ni a Kafin Marke. Na faɗa mata. Sai ta tsame hannu daga kwano.

"Habu mai tuta?"

"Shi."

Ta ce, "Ni na je sauyin tutarsa da ƙafata, ba sau ɗaya ba. 'Yan matan Gwaram har rigima suke yi a bar su su je." Ta ba ni labari yadda abin yake. Wata doguwar gora ce a bakin karofinsa, kusa da kasuwa. In hadari ya fara haɗuwa sai ya ɗaga shuɗi, rinin baba, shi ne damina. In gero ya nuna sai ya sauke ya ɗaga rawaya, kaka ke nan. In sanyi ya shigo ana cirar auduga sai farin saƙi wanda ba a rina ba. In zafin bazara ya kama sai ja, rinin karan dafi. Kowane gida kuma da 'yar gorarsa a bakin ƙofa, da ƙyalle irin launin babbar. Ranar sauyi mata su yi dambu, makaɗa su fito, 'yan mata su ɗaura kallabi kalar tutar.

Na ce mu a Birnin Kudu shamuwa ce tutarmu. In ta sauka a kan kuka mun san ruwa ya kusa, ba mai ɗinka mana komai.

Ta ce, "Da su ma sun tsaya a shamuwa da ya fi masa. Gobe a hanya kada ki ce ke yayarsa ce." Na matsa mata, ta ce bakinta ba zai iya ba, gani ya kori ji.

Da safe ta haɗa ni da wani mai amalanken shanu, Malam Buba, ɗan Kafin Marke, wanda ya kawo itace zai koma. Muka gangara kogi. Inda ake fito da jirgi da damina, yashi ne fetal, sai ɗan ruwa iya idon sawu. Mai fiton na zaune bisa jirginsa da ya kife, yana kallonmu muna wucewa a kan amalanke. Malam Buba ya ce masa, "Yaya aiki?" Ya ce, "Ga shi kuna takawa."

Hanyar amalanke takan ɗan kutsa ƙasar Bauchi kafin ta karkato ta koma Kafin Marke, a nan aka gitta wani itace a kan durom biyu. Wasu mutane ne masu kaki, wai an hana fitar da hatsi. Ɗayansu ya soka ƙarfe a buhuna, gero ya zubo a ƙasa. Na ce, "Ɗana, hatsin nan ba barin ƙasar Kano zai yi ba, kewayawa kawai hanya ta yi." Ya ce shi bai san kewaye ba, shinge ya sani. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe suka kawo wani babban kwano suka cika, wai na dubawa ne. Na durƙusa ina tsince wanda ya zube cikin yashi, suna tsaye suna kallona. Ɗayan har da ce mini, "A sauka lafiya, Hajiya."

Bayan mun wuce, don in kawar da takaici, na tambayi Malam Buba yaya damina a garinsu.

Ya tofar da yawu. "Wace damina? An ɗaure mana ita. Wani baƙon marini ne, ya zo da tsumma-tsummansa yana ratayawa sama, mu kuma don wauta muna yi masa kiɗa. Ashe kore hadari yake yi. Sau biyu na zuba iri a ƙasa saboda tutarsa."

Na ce, "Shekarun baya da kuka cika rumbu, ba tutar a sama?"

"Akwai."

"To lokacin ba ta kore hadari?"

Ya ce ai mugun abu ba ya nuna kansa rana ɗaya. Na ce Gwaram fa, da Birnin Kudu, da duk inda na ratso, wa ya rataya musu tsumma? Ya ce ni mace ce, ba zan gane ba. Na haɗiye sauran, saboda gargaɗin Inna Sabuwa da kuma buhuna da ke bisa amalankensa.

Muka shiga gari da azahar. Abin da na fara gani 'yan gorori ne a bakin kowace ƙofa, tsirara, wasu da ɗan zare yana lilo. Ya tambaye ni gidan wa zai sauke ni. Na ce gidan Habu Marini, ni ce na goya shi. Ya tsayar da shanu tun daga bakin kasuwa, ya diro da buhun ƙasa, ya kaɗa ya tafi. Ni na ja kayana har ƙofar gida, mutane na zaune a inuwa ba wanda ya motsa.

Ta gaban karofin na bi. An cike ramukan da ƙasa da duwatsu. Doguwar gorar tana kwance, an karya ta gida biyu.

Habu ne ya fito da na yi sallama. Wallahi da a kasuwa na gamu da shi da na wuce. Wuya ya zama kamar na zakara, gemu ya yi fari. Hannuwan ne kawai nasa, shuɗin nan na marina da ba ya fita. Ya ce, "Yaya," sai ya durƙusa. Dije ta fito ta rungume ni tana kuka. Na ɗauka kukan wahala ne. Na zauna, na sha ruwa, na buɗe ƙulli na fito da ƙulin da akuya ta rage, na ce, "Ina takwarata? Ku kira mini Uwani."

Uwani ita ce 'yarsu, ita kaɗai Allah ya bar musu. Sunana Habu ya sa mata, yake kiranta Uwani don ya ce ni ce uwar da ya sani. Ko famfara ba ta fara ba.

Dije ta tashi ta shige ɗaki. Habu ya ce, "Ƙyanda ce, Yaya. Ta shigo gari bayan shuka ta biyu."

Na ce, "Ba aike?"

"Wa zan aika? Malam Tanko na roƙa, shi ma na ga bakinsa ba zai iya faɗa ba."

Ban san lokacin da ƙulin ya zube daga cinyata ba.

Sai da na yi kwanaki kafin ya ba ni labarin a jere, shi ma da jan baki. Ya ce abin ya samo asali ne shekarar da aka samu mulkin kai, da aka raba wa yara 'yan tutoci kore da fari. Garin ya yi kyau na 'yan kwanaki, sannan suka yage. Abin ya tsaya masa a rai. Da hadari ya haɗu sai ya ɗaura wani ragowar shuɗin ƙyalle a gora, don nishaɗi kawai. Mata suka ce su ma a san musu. Daga nan launi ya bi launi. Bai taɓa karɓar ko anini a kan ƙyallayen ƙofa ba, ko da atamfar kanti ta zo ta kashe masa kasuwa bai fasa ba. Ya ce, "In na ga garin ya sauya kala rana ɗaya, sai in ji ni ma ɗan gari ne."

Bana da ruwan farko ya sauka da ƙarfi, shi bai yi niyyar sauke ja ba tukuna, don bai ga shamuwa ba. Dagaci da dattawa suka tako har karofi suka ce, "Habu, me kake jira? Yara na son kiɗa." Ya ɗaga shuɗi. Aka yi dambu, aka yi rawa, gari ya fita shuka. Sama ta ɗauke. Aka sami yayyafi aka sake shuka, ta sake ɗaukewa, iri ya ƙare. Sai magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa. Ranar da aka dawo daga roƙon ruwa ba a samu ba, samari suka wuce kai tsaye karofi. Suka karya gora, suka bi gida-gida suna tattara shuɗin ƙyallaye, suka haɗa da babbar suka cinna wuta. Ya ce cikin masu ɗebo duwatsun cike karofin har da yaran da ya rina wa rigar kaciya.

Na ce, "Dagacin fa?"

"Yana gida, wai bai ji ba."

Da Uwani ta cika, ya je wajen mai tebur a kasuwa neman alawayyon likkafani. Mutumin ya ce babu, alhali ga bandir a bayansa. Ya dawo gida ya buɗe adaka ya ɗauko farar tutar sanyi. Da ita aka yi mata likkafani. Liman ya zo, Allah ya saka masa, da wani mahauci maƙwabcinsu, da tsohon Dije yana dogara sanda. Su ke nan suka kai ta.

Ni dai tun daga ranar na ce ya haɗa kayansa. Ya ce in bari tukuna.

Ana nan sai ga sanarwa, wai wani babba zai zo daga birni da motocin hatsin agaji, a share gari a yi masa ado. Da hantsi muna tsakar gida ina dama musu kunu da geron da na kawo, aka yi sallama a zaure. Dagaci ne da kansa, da dattawa biyu. Habu ya fita, ni kuma na matsa bayan zana.

Bayan gaisuwa Dagaci ya yi gyaran murya. "Malam Habu, ka ji baƙon da za mu yi. An ce garin da ya fi nuna tarba shi ake fara dubawa. To mun ce, tutocin nan naka, ko akwai saura?"

Ban san sanda na ɗaga zanar ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗanne? Masu kore hadari?"

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Habu ya ce, "Yayata ce, daga Birnin Kudu. Yaya, don Allah."

Na ce, "Bari in tambaya, ai baƙuwa ce ni. Shuɗi kun ƙone. Fari yana maƙabarta, kuma ban ji an ce an gan ku a can ba. Yau kuma kun tuna hanyar gidan nan?"

Ɗaya dattijon ya ce abin da ya wuce ya wuce, sharrin yara ne. Dagaci bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Mutane na jin yunwa, Malam Habu."

Habu ya tashi ya shiga ɗaki. Na bi shi. Na same shi durƙushe gaban adaka yana fito da rawaya da ja, babba da ƙanana, a ninke, da ƙanshin kajiji. Na riƙe hannunsa na ce, "In ka ba su ban yafe ba."

Ya ce, "Yaya, akwai yara a garin nan sa'o'in Uwani. In tsumma zai sa mota ta tsaya, ki bar ni."

Na sake shi. Ya kai musu. Suka karɓa suka fita, na kasa kunne ko zan ji an ce an gode, ban ji ba.

To ku da kuke tambaya ko na ga adon, na gani. Ranar da aka sa, gari ya tashi rawaya da ja tun daga bakin kasuwa har ƙofar Dagaci. An samo sabuwar gora an ɗaga babbar rawaya, tutar kaka, a garin da ko zangarniya ɗaya ba ta fito ba. Kuma da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Rawayar nan in iska ta kaɗa ta sai ka ce an watsa wa garin man shanu. Aka jera mata da ƙore, maza da buhuna, makaɗi ɗaya yana taɓa kalangu ba ƙarfi. Habu bai fita ba. Ta saman katanga ya leƙa sau ɗaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya zauna.

Aka tsaya tun hantsi. Rana ta take, yara suka fara kuka, wata tsohuwa ta faɗi aka yayyafa mata ruwa. Sai bayan la'asar wani ya iso a kan babur ya ce motocin ba za su iya yashin kogi ba, babban ya juya, wanda ke so ya je Gwaram ya bi layi. Kafin magariba ba sauran ƙyalle ko ɗaya a gora. Wasu mata sun kwashe don ɗaurin kai, wasu samari suka yayyaga babbar suna cewa ga shi nan, har mota ta kora. Ko zare ba a dawo masa da shi ba.

Washegari na ce masa, "Yanzu kam sai ka tashi. Karofin Birnin Kudu na nan, ɗakina na nan. Baƙo raɓa ne, Habu, ka gani da idonka."

Dije na gefe, ta ce ita ko yau aka ce ta tashi za ta bi shi, 'yan'uwanta ma sun daina shigo mata.

Habu ya ce, "In na tafi, sun tabbata ni ne. Kuma wa zai riƙa gyara mata kabari? Dabbobi na bi ta wajen."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na tuna masa goyon da na yi masa. Na ce ban taɓa roƙonsa komai ba sai yau. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi. Da na ga ba zai motsa ba, na juye musu sauran geron a tukunya, na ce Dije ta kai ni in ga inda aka sa takwarata. Daga bakin maƙabarta muka tsaya ta nuna mini da hannu. Ɗan tudu ne, ya kewaye shi da ƙaya, a share tas.

Shi ya rako ni da ƙafa har kogi, yana ɗauke da ƙullina, ta wata 'yar hanya da ba ta bi ta shinge. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce mini, "A sauka lafiya, Inna," ya wuce Habu kamar kututture. A bakin yashi ya miƙo mini kayan ya ce, "Ki ce wa mutanen gida muna lafiya." Na ce ba zan ce ba. Ya yi ɗan murmushi, ya juya. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin geza.

A Gwaram na tarar da layin hatsin ya kai bayan gari. Na hango Malam Buba mai amalanke a ciki da buhunsa a kafaɗa, ya gan ni ya kau da kai. Na kwana wajen Inna Sabuwa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai dubi fuskata ta shimfiɗa mini tabarma.

Motar dawowa ba kaya, sai mutane. Mun yi nisa, sai iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin a warware tamfol ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Direba ya tsaya a gefen hanya. Maza suka diro suna kabbara, wani ya cire hula ya tara, mata na guɗa, wani tsoho ya durƙusa cikin taɓo yana kuka. Na tambayi na kusa da ni daga ina hadarin ya taso. Ya ce daga wajen iyakar Bauchi, ai can ya fara sauka.

Na yi hamdala tare da kowa, don ruwa rahama ne, kuma ni ma ina da gona. Amma ina zaune a jiƙe ina jin abin da ake faɗa a Kafin Marke a daidai wannan lokaci, kamar ina tsakiyar kasuwarsu: kun gani ko, ana yage ta ƙarshe sama ta saki.

Wata mata ta dafa ni ta ce, "Baiwar Allah, kowa na murna ke kina kuka?"

Na ce mata ruwa ne ya shigar mini ido.